Motar da Baba Ya Kira

Auta na tsaye gaban babban allo a ɗakin taro wayarta ta fara rawa a aljihu. Ta share. Ranar ce aka saki sabuwar fuskar manhajar birni, inda mutane ke shiga su nemi gyaran famfo, ko kwasar shara, ko motar kai marasa lafiya asibiti, kuma ita ta zana fuskar. A da kowane sashe da launinsa da irin rubutunsa, kai ka ce rumfunan kasuwa. Aikin da aka ba ta shi ne ta mai da su 'yan gida ɗaya. Ta kuwa yi: kowane akwati shuɗi, da siririn farin zane a tsakiya. Sun buga zanen manya-manya sun manna a bangon ofis, a ja da baya a duba, a matso a duba, kowa ya ce abu ya yi kyau.

Shugaban sashe na cikin yabonta wayar ta sake motsi. Mama ce, ita kuwa Mama ba ta kira lokacin aiki. Auta ta sulale waje.

Muryar Mama ƙasa-ƙasa take. Ta ce motar asibiti ba ta zo ba, ga shi yau ranar wankin ƙodar Baba. Wai motar shara ce tsaye a ƙofar gida, da mutum biyu masu safar hannu suna tambayar ina kayan da za a ɗauka.

Auta ta jingina da bango. Idon Baba ya yi rauni, ba ya ganin ƙananan rubutu, amma bai yarda kowa ya kira masa mota. Jan akwati ya sani. Ya danna ja, waya ta girgiza, mota ta zo. Yau ya nemi ja ya rasa, sai akwatuna shuɗaye guda biyu, kowanne da hoton mota. Da hannunta ta zana su, taya iri ɗaya, kaurin layi iri ɗaya, don haka ƙa'idar ta ce. A bangon ofis alamar asibitin ta kai tafin hannu. A tsohuwar wayar Baba mai tsagaggen gilashi ba za ta wuce ƙwayar shinkafa ba.

Baba ya karɓi wayar.

"Autata, ashe har na kai a zo a kwashe ni?"

Dariya yake son yi, amma tana jin yadda yake tsayawa ya ja numfashi tsakanin kalma da kalma. Tun jiya ƙafafunsa suka kumbura. Ta kuma san dokar asibitin: wanda ya makara, a ba na bayansa na'ura, shi ya jira wata rana.

Ta gwada kiran motar daga wayarta, aka nuna mata duk motocin safe sun fita. Ta koma ɗakin taro ta raɗa wa Dogo, wanda ke haɗa manhajar, ya ara mata motarsa. Dogo ya kalli fuskarta kawai ya miƙa makulli. Shugaba ya tambayi ina za ta ana tsakiyar magana. Ta ce gida, ba ta tsaya jin sauran ba.

Hanya ta cushe. Kowace danja sai ta kama ta. Tana ta ganin motocin nan biyu a idonta, tana neman bambancinsu kamar ba ita ta yi su ba.

Ta tarar da masu kwasar shara ba su tafi ba. Su suka tallafo Baba har cikin mota, babbansu na ce masa kayan nan ya fi ƙarfin motarsu. Baba murmushi kawai ya yi. Mama ta zauna a baya riƙe da hannunsa.

A asibiti Auta ta riga su shiga da gudu, tana shirya kalaman roƙo. Nas ɗin ta ɗago kai ta ce a shigo da shi, na'ura na nan, ai yau ba shi kaɗai ya makara ba.

Sai da aka kwantar da Baba aka jona masa robobi, jini ya fara zagayawa, sannan Auta ta dubi ɗakin. Gadon da ke bakin taga babu kowa. Na kusa da ƙofa ma haka. Baba ya juya kai a hankali ya ce na tagar na wani tsohon tela ne, ɗayan kuma na wata baiwar Allah da ke zaune ita kaɗai. Ba su taɓa fashi ba.

Auta ta fita baranda ta kira shugaba. Ya fara da faɗan ficewarta, ya ce launin birni shuɗi ne, an riga an sa hannu, ba a canza shi don mutum ɗaya.

"Ranka ya daɗe, gadaje biyu nake kallo babu kowa a kai," in ji ta. "A mayar da jan yanzu. Gobe na zauna na gyara zanen yadda ya kamata."

Can ta ji shi daga nesa yana ce wa Dogo ya mayar da akwatin asibiti ja, ya kuma ƙara masa girma.

Ta koma wajen nas ta roƙe ta ta kira mutanen biyu. Telan ya ɗauka, ya ce yana ƙofar gida tun safe yana jiran mota. Wayar matar kuwa ta yi ta ringin ba a ɗauka ba. Nas ta ce za ta riƙe na'urorin gwargwadon iyawarta.

Auta ta tambayi unguwar matar, ta ce a faɗa wa tela ya ƙara haƙuri, tana biyowa ta kansa. Ta leƙa ta ga ƙirjin Baba na ɗagawa yana sauka a natse, Mama na gyara masa bargo. Sannan ta nufi mota da sauri.