Tabarau Mai Karyayyen Hannu

Ranar Talata wasu masu ziyara suka raba wa fursunoni tsofaffin tabarau. Wani fursuna da ake kira Kafinta ya samu mai karyayyen hannu, ya ɗaure da zare.

Shekara uku idonsa ba ya ganin rubutu. Dogo, abokin ɗakinsa, shi ke karanta masa wasiƙun 'yarsa: "Baba, ina kewarka, ka riƙa cin abinci." Shi kuma Kafinta yakan sa a mayar mata da amsa mai daɗi.

Da ya sa tabarau, ya buɗe wasiƙar farko da kansa. "Ka zubar mana da mutunci. Kada ka sake nemana." Ta biyu ma haka, har da ƙari. Ashe Dogo, ɓarawon awaki, har zagi yake sacewa daga takarda.

Sai ya buɗe ta makon jiya. "Baba, ka fi ni naci. Ran Asabar zan kawo maka jikanka." Wannan kam daidai yadda Dogo ya karanta.

Ya yi dariya har gandiroba ya leƙo. Shimfiɗar Dogo na naɗe, tun jiya aka sallame shi. Bai samu ya ce masa ba: "Maƙaryacin banza, Allah ya yi maka albarka."