Faifan Dede Udensi

"Ki riƙe shi ta gefe, Nwanyieze! Faifai ne, ba faranti ba."

Dede Udensi ne ke min faɗa daga kan gado, ƙafafunsa sun kumbura kamar doya. Ɗakinsa na jikin nawa a gidan hayarmu na Enugu. Tun da likita ya ce a maido shi gida nake kai masa miyar shuwaka, yana ci yana kushe gishirina.

Na ɗora faifan a kan garmahon da na aro wurin mai gyaran rediyo. Allura ta fara karce faifan, sai jita ta fashe da kuka, ganguna suka biyo ta a guje.

Ya rufe ido. Rabonsa da jin wannan kiɗa tun yana saurayi mai tulin gashi. A lokacin mulkin soja aka kama masu haƙar kwal da suka yi yajin aiki, har da babana, aka hana kowa ambaton su. Dede da abokansa suka shiga ɗakin ɗaukar waƙa, suka rera sunayensu ɗaya bayan ɗaya. Kafin a farga, yara na rera su a hanyar makaranta, 'yan tasha na rera su. Da surutu ya yi yawa aka sako mutanen. Shi kuwa aka farfasa faya-fayansa, aka taka masa yatsun hagu da takalmi. Bai sake kaɗa jita ba, ya koma sayar da batir a kasuwa. Wannan guda ɗaya mahaifiyata ce ta ɓoye a ƙasan buhun gari.

"Ji mai gangar nan," in ji shi. "Kullum sauri yake kamar wanda zawo ya kama. Allah ya ji ƙansa."

Sai muryarsa ta ƙuruciya ta kira sunan babana. Na dafa bango.

"Dede," na ce, "da ba don kai ba, da ban san fuskar ubana ba. Ban taɓa yi maka godiya yadda ya kamata ba."

"Ubanki ya fi kowa ba ni wahala. Wane irin suna ne Ogbonnaya Nwachinemere? Ya ƙi zama a cikin kiɗa, sai da muka ƙara masa ganga."

Na yi dariya, hawaye na zuba.

"Yatsunka fa?"

Ya ɗaga hannun ya dube shi. "Suna cin tuwo da ni har yau. Juya ɗaya gefen, can ne na fi iyawa. Kuma gobe ki rage gishiri."

Gobe ta yi, na rage. Da hantsi na shiga da kwano na tarar ya tafi, kansa a karkace wajen taga.

Ba shi da mata, ba shi da ɗa, na ɗauka mu 'yan gidan kawai za mu binne shi. Da la'asar ina tsinkar ganye a tsakar gida, wata tsohuwa da ban sani ba ta shigo da sanda.

"'Yata, nan ne gidan mai jita?"

"Nan ne, Mama."

"Ke 'yar Ogbonnaya ce, ga kama nan. Mijina ne Ezeugwu, wanda ake kira kafin ubanki a waƙar."

Ta jingine sandar, ta jawo kujera 'yar tsugunno, ta ɗebi ganye daga tirena ta fara tsinka. A bakin ƙofa wasu tsofaffi biyu suna kakkaɓe takalmansu.