Awon Idon Kaltumi

Har yau in na tuna sai raina ya ɓaci. A dukan Tawa babu mai ɗinkin alabe kamar maƙwabciyata Kaltumi, amma a ƙarshen zamanin Nasara idonta ya dushe, har basilla ta fara cin yatsanta maimakon fata. Da ɗinkin nan take ci. Ni na ja ta gidan likita.

Lokotoro Bature ya duba ta, ya ce madubin ido za a aiko mata daga Yamai. Saura a auna tsakanin ƙwayar idon dama da ta hagu, don gilashi shi zauna daidai inda take gani. Wa ya bar ma aikin? Anfarme Arzika mai taimakon lokotoro, mijin ɗiyarta Rahamatu!

Ya aza mata ɗan katakon awo bisa karan hanci, ya ce:

"Inna, ki dubi idona."

Kaltumi ta dubi yatsun ƙafarta. Shi kuma, katon banza, ya dubi bango. Haka anka yi awon, kowa na kunyar suruki.

Bayan damana madubi ya iso. Ta saka, basilla ɗaya ta zama biyu, kai ya ɗauki sara, ta yi tuntuɓe da turmi. Na ce a koma a sake. Ta ce, "Hawa, gara in makance da in zuba ma surukina ido."

"To makance! Kunya za ta ba ki hura?"

Ta naɗe fatunta ta tura ƙarƙashin gado. Abin nan ya ci min rai. Sai na bi ta bayan gida na gaya ma Arzika shi riƙe katakonshi a hannu ranar kasuwa, kar shi tambaye ni dalili. Da ranar ta zo, na je na zauna kusa da ita ina taunar goro.

"Kin ji abin da surukinki ke faɗi? Wai ba awo ne ya ɓaci ba. Wai dama ɗinkinki karkatacce ne tun kina budurwa."

Ko mayafi ba ta gyara ba. Ta faɗa gidan likita kamar guguwa, ina biye da ita, ta tsaya gaban Arzika, ta zare mai ido cikin ido.

"Kai Arzika! Ni? Ɗinkina? Alaben da ke aljihunka uban wa ya ɗinka shi?"

Na ce, "Auna, ɗan nema, auna!"

Nan take ya aza katako, tana zagi shina karanta lamba.

Madubi na biyu ya zauna daram, ta koma ɗinki. Amma da Rahamatu ta tona cewa mijinta bai taɓa faɗin haka ba, Kaltumi ta daina gaishe ni. Yanzu daga bakin rijiya take hango ni sarai, ta sake hanya.