Kofaton Nuala

Ni dai har yau ban gane wanda ya kawo shawarar a raba mu da dawakinmu a ba mu kekuna ba. Muna Faransa, yaƙi ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, sai saje ya tara mu ya ce daga yau keke za mu hau. Mu 'yan yankin Tipperary da muka tashi a bayan doki! Da idona na ga ƙato da ƙaimi a ƙafa yana gangaro tudu, yana jan kan keke kamar linzami, har ya zarce cikin kwata.

Kowa ya sha dariya ban da Fintan Mulqueen. Shi saboda goɗiyarsa Nuala ya shiga soja: daga gonar ubansa aka saye ta, shi kuwa ya biyo ta. Ranar da aka loda dawakin a jirgin ƙasa ko shayi bai sha ba. Ya bi kowa da tambayar inda za a kai su. Wannan ya ce Masar, wancan ya ce igwa za su ja, kukunmu kuma ya ce ai mahautan Faransa sun riga sun wasa wuƙa. Da ƙyar muka ɓamɓare Fintan daga wuyansa.

Bayan wasu watanni Jamusawa suka taso mu a gaba. Hanya ta cushe da amalanke da mutane, ba wanda ya san gabas balle yamma. A nan muka iske wata goɗiya kwance a gefen hanya, ƙafar gaba ta karye. Mai kora ta, wani ɗan Ingila, yana neman wanda zai harbe ta don shi ya kasa. Fintan ya yar da keke.

Ja ce kamar Nuala, amma rabin dawakin soja jajaye ne. An aske gezar, ƙazuwa ta cinye wuyan, haƙarƙari duk a waje. Ya yi mata fiton da muke yi wa dawaki in za su sha ruwa, ta ɗaga kunne. To wane dokin soja ne bai san wannan fiton ba? Sai ya durƙusa ya kankare taɓon da ke kofatonta, don a nan ake ƙona wa kowane doki lambarsa. Amma kofato kamar farce yake, yana tsiro ana datsewa, kuma ba wanda ya sabunta lambar. Wani ɗan zane kawai ya rage, ba ya karantuwa.

Ya ɗago ya dube ni. "Dinny, kai ma ka san ta. Ita ce?"

Na ce ban sani ba. Haushi ma ya kama ni, mutumin da aka haife ta a hannunsa wai ni yake tambaya. A wurinmu kuwa, in doki zai mutu mahayinsa ne ke harbinsa, ba a bar wa baƙo. Ƙarar igwa na matsowa, saje na yi mana tsawa mu hau kekuna. Fintan ya rufe mata ido da hularsa, ya harba.

Yanzu duk mun yi furfura. Duk ranar kasuwar garin Nenagh sai ya nemo ni a mashaya da tambayar nan. In na ce ban sani ba, ya ce ƙarya nake. In na ce ba ita ba ce, ya ce to tana ina, wa ya riƙe mata kai? Abin yana damuna ƙwarai, don na rasa wace amsa yake so. Matarsa Nora ta tare ni a bakin coci ta roƙe ni don Allah in tsaya a kan magana ɗaya, ko mutumin ya samu barci.

Makon jiya na tsaya. Na dafa kafaɗarsa na ce ita ce, na rantse masa, a hannun mai ita ta mutu kamar yadda ya dace. Ya daɗe yana juya kofinsa a kan tebur.

"To, Dinny," ya ce a hankali, "me ya sa ban gane ta ba?"