Murfin Akwatin Dez

"Cire mini wannan robar daga hanci," in ji Dez. "Glenda, da ke fa nake."

Ina tsaye a garejinsa da rana tsaka, na rungume tukunyar iskar da asibiti suka ba shi. Shi kuwa yana zaune cikin akwatin gawa, ya miƙe ƙafa, da silifas ɗinsa na zaman gida. Akwatin baƙi ne na katako, gefensa duk ya kokkoje saboda yawon da ya sha a bayan mota daga wannan gari zuwa wancan.

Na ce, "Ba zan cire ba. In kana so ka mutu, hau bene ka mutu a kan gadonka kamar kowa."

Roy Bache ya yi dariya daga bayan na'urar ɗaukar sauti. Roy ne makaɗin gangunan Dez tun suna samari, kuma gangunan nan sun cinye masa kunne. In kana masa magana sai ya zuba wa bakinka ido.

"Me ta ce?"

"Ta ce ka yi tsufan banza," in ji Dez.

Dez Pargeter maƙwabcina ne a Tipton, katanga ɗaya ta raba mu. Mawaƙin rok ne, irin mai ƙarar nan da ke girgiza tagogi, kuma duk waƙoƙinsa na ban tsoro ne. A zamaninsa yakan shafa baƙin fenti a ido, a rufe shi cikin akwatin nan a gaban jama'a, kiɗa ya tsaya cak. Sai ya yi ta jan shiru har 'yan kallo su fara tsarguwa, sannan ya doki murfin da ƙafa ya fito yana ihu. Marigayi mijina bai taɓa son kiɗansa ba, amma ranar da aka binne shi Dez ne ya ɗauki gefe ɗaya na akwatin gawar. Taba da hayaƙin dandamali suka lalata wa Dez huhu. 'Yarsa Bernice tana aiki a Leeds, ita ta bar mini makullin gidan, ta ce in sa masa ido.

Sabon kundin waƙoƙinsa labari ɗaya ne tun daga farko har ƙarshe: wani mai haƙa kabari ya faɗi a bakin aiki, mutanen gari suka ɗauka ya mutu, suka binne shi da ransa. An gama ɗaukar komai sai waƙar ƙarshe, wadda mutumin yake yi daga ƙarƙashin ƙasa. Dez ya rantse ba zai yi ta a tsaye ba. Sai a cikin akwati, murfi a rufe, makirfo a gaban bakinsa.

"To ka shiga da iskarka mana," na ce. "Robar ai doguwa ce."

"Mun gwada jiya. Huci take yi kamar maciji, makirfo yana ɗauka. Kin taɓa jin gawa da tukunyar iska?"

"Na taɓa ganin gawa dai. Ba abin wasa ba ce."

Ya dube ni. Kafaɗunsa suna ɗagawa da kowane numfashi, wuyansa ya zama kamar na kaza.

"Maƙwabciya, saurara. In kin fita, Roy zai rufe ni. Roy kuwa ko jirgi ya faɗo a rufin nan ba zai ji ba. Zaɓi ya rage gare ki."

Na yi tunanin kiran Bernice. Amma kafin ta ɗaga waya da sun riga sun gama abin da suka yi niyya, ni kuma ina waje. Sai na ajiye tukunyar kusa da ƙafata, na zare masa robar daga bayan kunne.

"Doka ɗaya ce," ya ce. "Bayan na gama waƙa akwai shiru. Shirun nan shi ne waƙar. Kada wanda ya taɓa murfi sai na doke shi da ƙafa. Haka muke yi tun kafin ki san ana kiɗa. Ko ba haka ba, kurma?"

"Sai ya doka," in ji Roy, ya ɗaga yatsa. "An taɓa yin wani yaro a Hamburg da ya buɗe da wuri. A ranar aka sallame shi, ya koma gidan uwarsa."

Dez ya kwanta. Na ja murfin, ya fi yadda na zata nauyi. Abu na ƙarshe da na gani shi ne ya kashe mini ido ɗaya.

Roy ya sa abin saurare a kunne, ya murɗa shi har ƙarshe, ya danna maɓalli. Ni ba na jin kiɗan, yana cikin kunnuwansu su biyu. Muryar Dez kawai nake ji ta cikin katako, can ƙasa, kamar daga rijiya. Ba zan yi ƙarya ba, tsikar jikina ta tashi. Mutumin da ba ya iya hawa bene sai ya huta a tsakiya, shi ne yake jan murya haka. Yana kiran matarsa, yana kiran mutanen gari da sunayensu, yana roƙon a zo a tone shi. Wajen ƙarshe muryar ta fara tsinkewa. Ya yi ihu ɗaya mai tsawo, ya katse.

Shiru.

Na ɗauki robar na riƙe ta a shirye. A waje wata mota ta wuce. Na dubi Roy, ya lumshe ido yana gyaɗa kai.

"Roy," na ce a hankali. Bai ji ba. Na taɓa kafaɗarsa.

Ya sa yatsa a leɓe, ya nuna mini allon na'urar. Wani koren layi yana hawa yana sauka. "Numfashinsa ne," ya ce, yana zaton raɗa yake yi. "Kin ji yadda yake shaƙewa? Bai taɓa yin sa da kyau haka ba."

"Ya daɗe fa."

"Kullum yana daɗewa. Sai ya ga gashin mutane ya miƙe."

Na koma gefen akwatin na durƙusa. Gwiwata ba ta son siminti, amma ban ji ta ba. Na kara kunne. Akwai wani ɗan sauti daga wajen ƙafafu, shaf, shaf, kamar ɓera a bayan kabad. Ya tsaya. Ya sake, wannan karon a raunane.

"Yana motsi a ciki," na ce.

Roy ya karanta bakina. "Karce ne. Yakan karci katako da farce, yana cikin wasan. Ki bari, Glenda, don Allah. Ba shi da ƙarfin da zai sake yin ta. In kika ɓata wannan, shi ke nan har abada."

Gaskiya ya faɗa, shi ya sa na janye hannun da na kai kan murfin. Na san abin da waƙar nan take a wurin Dez. Tun lokacin sanyi ba ya maganar komai sai ita. Na zauna a kan dugadugaina, robar tana huci a tafina, ina kallon murfin ina jira ya tashi sama da ƙarfi.

Sai sautin ya sake zuwa. Shaf. Daga wajen ƙafafu, ba daga wajen hannuwa ba. A dandamali da manyan takalma masu ƙarfe yake shiga. Yau da silifas ya shiga, da ƙafafun da ni nake sa musu safa da safe don ba ya iya sunkuyawa. Dukan yake yi. Iyakar ƙarfinsa ke nan.

"Dez!" Na cusa yatsu ƙarƙashin murfin. Roy ya miƙe yana cewa a'a, igiyar kunnensa ta fizge shi baya. Murfin ya yi ƙara ya faɗi gefe.

Leɓunansa sun yi shuɗi. Idonsa a buɗe, bakinsa yana buɗewa yana rufewa, ba abin da ke shiga. Na tura masa robar a hanci, na murɗa tukunyar, na ɗago kansa a kan hannuna.

"Ja. Ja a hankali. Ina nan. Roy, kira motar asibiti! Roy!"

Roy yana tsaye kamar an dasa shi. Sai da na wurga masa silifas ɗin Dez a ƙirji ya zaro waya, ya miƙo mini don shi ba zai ji abin da za su ce ba.

Bernice ta iso asibiti da yamma. Ba ta yi mini faɗa ba, ba ta kuma gaishe ni ba. Likita ya ce zuciyar ta wahala, mu shirya. Washegari Dez ya farfaɗo. Da ya gan ni sai ya juya fuska wajen bango.

"Kin buɗe," ya ce ta cikin abin shaƙar iskar da ke fuskarsa.

"Na buɗe."

"Ban doka ba."

"Ka doka, tsoho. Ƙafarka ce ba ta ji ba."

Roy ya matso da kujera, idonsa ja wur don bai yi barci ba, ya sa wa Dez abin saurare, ya kunna masa waƙar. Muka zuba masa ido. Na ga lokacin da ya kai wajen ihun, don yatsunsa sun matse bargo. Daga nan ya daɗe bai motsa ba. Bernice ta fita waje.

"Zan iya yanke ƙarshen," in ji Roy da ƙarfi, har matar gadon kusa ta waigo. "Daidai kafin murfin. Ba wanda zai sani."

Dez ya zare abin daga kunne ɗaya.

"Glenda, muryarki ba daɗi ko kaɗan."

"Ban ce ni mawaƙiya ba ce."

"Kurma," ya ce wa Roy, yana buɗe baki sosai don ya gane. "Kada ka yanke komai. An zo an tone shi. Haka labarin ya ƙare."

Bai ƙara doguwar magana ba bayan wannan. Ya rasu ranar Talata da hantsi, Bernice tana riƙe da hannunsa, ni na sauka sayo mata shayi. Da na dawo an riga an ja labule.

Bayan jana'iza Roy ya rage mini hanya. Ya tsaya a ƙofar gidana, bai kashe mota ba. Ya ce tunda ni kaɗai ce ban ji kiɗan ba, ya kamata in ji. Na ce ba na so, bai ga bakina ba, ya kunna.

Jita da ganguna suka cika motar, sannan muryar Dez, sannan shirun. Na ji ƙarar murfi, na ji kaina ina kiran sunansa. Ashe a ruɗewar ranar Roy bai kashe na'urar ba. Ta ci gaba da ɗauka bayan an fita da shi: gareji ba kowa, ƙofa a buɗe, wani kare yana haushi can ƙasan layi.

Aka fara yayyafi. Roy ya ɗora hannuwansa biyu a kan sitiyari. Muka zauna muna kallon ruwa yana gangarowa a gilashi.