Wanda Hajjo Ba Ta Ƙidaya Ba

Shekara biyu bayan an ɗage kullen korona, wasu masu bincike suka zo Katsina ƙidayar waɗanda cutar ta kashe. Sun ce alƙaluman asibiti ba su isa ba, don yawancin mutane a ɗakunansu suka cika, aka kai su makwanci kafin la'asar, ba likitan da ya gan su. Suka ɗauki matasa goma sha biyu, suka ba kowa kwamfutar hannu da riga mai tambari, aka ce su bi gida-gida. Murtala na cikinsu. Takardar sakandare kawai gare shi, amma hannunsa na da sauri, kuma ba shi da yawan magana. Shugabarsu, Malama Jamila, ta ce irinsa ake so.

Aikin ba wuya a baki. Ka yi sallama, ka nemi babba a gidan, ka tambayi su nawa ne, wa ya kwanta a shekarar, wa ya rasu. In an yi rasuwa sai na'urar ta buɗe wasu tambayoyin: zazzaɓi, tari, numfashi, kwana nawa. Duk gidan da aka samu mamaci mai alamun cutar, za a kira sauran mutanen gidan a duba musu ƙirji kyauta. Gidan da aka rubuta babu kuwa, an wuce shi ke nan.

Ran Litinin Murtala ya faɗa bayan Ƙofar Sauri, inda Fulani suka daɗe da kafa gidaje, gari ya zo ya same su. A gida na bakwai ya tarar da wata tsohuwa doguwa, siririya, tana wanke ƙwarya a gindin darbejiya. Hajjo sunanta. Mijinta ya daɗe da rasuwa. Suka gaisa, aka tambayi gida, aka tambayi ruwa, aka tambayi dabbobi. Tun a gaisuwar ya lura ba ta iya kai jimla ƙarshe sai ta tsaya ta ja numfashi, kamar wadda ta hau tudu.

"Inna, ɗiyanki nawa?"

"Huɗu," ta ce. Ta lissafo su da yatsu jiƙaƙƙu. "Siddiq. Lailatu. Sani. Sai auta, Halimatu."

"Duk suna raye?"

"Alhamdulillahi."

"A shekarar korona kin rasa wani?"

Ta zuba ruwa a ƙwarya, ta juya, ta zubar. Sannan ta ce, "Waɗanda na faɗa maka duk suna nan."

Ya danna babu. Na'urar ta yi ɗan ƙara ta rufe fom ɗin. Da zai fita ya ga wani ɗaki a kusurwa da kwaɗo a ƙofarsa, sanda da malafa rataye a jikin bango, ga takalman roba masu tsawo a ƙasa, ruwan damina ya taru a cikinsu. Ya gani, ya wuce. Ba a sa tambayar takalmi a fom ba.

Ran Laraba aka yi taro a ofis. Malama Jamila ta haska musu taswira a bango. Ƙofar Kaura ta yi ja da ɗigo-ɗigo, kowane ɗigo mamaci. Bayan Ƙofar Sauri kuwa fes, sai ɗigo uku, su ma tsofaffi ne.

"Abin mamaki," in ji ta. "Gida arba'in da biyu na Fulani, ba magidanci ko ɗaya da ya rasu."

Wani daga baya ya ce, "Ai nono ne maganin korona, Malama. A rubuta a kai wa Turawa."

Aka yi dariya. Ta ce gobe Alhamis da ƙarfe huɗu za a karɓe na'urorin a tura komai, daga nan ba gyara. Murtala bai yi dariya ba, amma ya ji daɗi a ransa. Yankinsa ne. Yankinsa ya fita da sauƙi.

Daga ofis ya biya Babbar Kasuwa sayen naman da mahaifiyarsa ta aike shi. Tanko mahauci abokinsa ne tun firamare. Yana hango rigar mai tambari ya ɗaga wuƙa.

"Ga malam mai ƙirga gawa! Yau nawa ka samu? Ka rubuta wagga saniyar, ita ma da tari ta tahi."

"Yanko mini rabin kilo, ka bar surutu."

Yana yanka Murtala ya ba shi labarin taswirar, har da maganar nono, don dai a yi dariya. Tanko bai yi ba. Ya aje wuƙar a kan katako.

"Waɗanne Fulanin? Ni da kafaɗata na ɗauki makarar Gidaɗo."

"Wane Gidaɗo?"

"Na Hajjo mana, bayan Ƙofar Sauri. Mai bin motar shanu zuwa Legas. Shi ke kawo mana dabbobi. Ya dawo daga kudu cikin azumin kullen nan, kwana tara ya yi. Mu bakwai muka yi masa salla, kowa na tsoro."

"Na je gidan. Ɗiya huɗu ta ce gare ta, duk suna raye."

Tanko ya dube shi kamar yau ya fara ganinsa.

"Shi ne na fari, sakarai. Bafulatana za ta ƙirga maka ɗan fari? Ko mu Hausawa ya aka ƙare, balle su? Kai ba ɗan fari ba ne? Tunda kake ka taɓa jin uwarka ta kama sunanka?"

Murtala ya karɓi ledar naman ya kama hanyar gida.

Bai taɓa ji ba. Abu ne da ya sani kamar yadda ya san hanyar gidansu, shi ya sa bai taɓa tsayawa ya dube shi ba. A hannun kakarsa ya tashi. Mahaifiyarsa Kulu "kai" take ce masa, ko "wancan", in tana magana da wasu ta ce "yayan su Bala". Shi ma ba ya ce mata Inna, Yaya yake ce mata, yadda ƙannenta ke kiranta. Ba ƙi ba ne. Kunya ce, haka ta tarar ana yi, haka ta yi.

Ya same ta a tsakar gida tana tsince shinkafa, rana ta yi sanyi. Ya miƙa mata ledar, ya tsaya.

"Yaya, in wani baƙo ya zo ya ce ɗiyanki nawa, mi za ki ce?"

"Uku mana. Bala, Jamilu, Nana Aisha."

"Ni fa?"

Ta ɗauke kai ta ci gaba da tsintar tsakuwa. "Kai ka cika neman magana. Naman nan duk ƙashi ne, Tanko ya cuce ka."

Ya shiga ɗakinsa ya zauna bakin katifa. Da a ce shi cutar ta ɗauka a shekarar, aka aiko wani da riga mai tambari, haka za a danna babu a fita. Ya buɗe na'urar ya duba fom ɗin Hajjo. Yana nan a rufe, da alamar kore, wato an gama lafiya.

Washegari tun ƙarfe takwas yana ƙofar ofis. Malama Jamila ta saurare shi har ya gama, ta cire tabarau ta murza ido.

"Innalillahi. Tambayar ce muka yi ta ba daidai ba." Ta mayar da tabarau. "Amma ba zan sa mamaci da bakin mahauci ba, Murtala. Ƙa'ida ce, sai ɗan gida ya faɗa. Akwai wani a gidan?"

"'Yan'uwansa maza sun tafi da shanu. Matan suna gidajen aure. Matarsa ma ta yi aure a Mani. Tsohuwar kaɗai ce."

"To ita za ta faɗa." Ta karɓi na'urar, ta danna wasu lambobi. "Na buɗe maka duk fom ɗin yankinka zuwa ƙarfe huɗu. Bayan nan ba hannuna."

An yi ruwa da safe, hanyar duk taɓo. Bai isa ba sai gab da azahar, don ya tsaya wajen mai unguwa neman wani dattijo daga dangin, aka ce ya tafi Charanci. Ya tarar da Hajjo a inda ya bar ta, yau tana zaune kawai, hannuwa a cinya. Suka sake gaisawa tun daga farko. Ta ce ko ya yi mantuwa ne.

Ya zauna a ƙasa, nesa da tabarmarta. Ya kife na'urar a gwiwarsa.

"Inna, ni ma ɗan fari ne. Jiya na tambayi tawa uwar ɗiyanta nawa, ta ce uku. Mu huɗu ne."

Hajjo ba ta dube shi ba.

"Ba zan ce ki kira sunan kowa ba," ya ce. "Ɗakin can mai kwaɗo, na wane ne?"

Wata akuya ta shigo ta leƙa ƙwarya ta fita.

"Na mai bin motar shanu ne."

"Ina yake?"

"Mai shi ya karɓi abinsa."

Ya juyo da na'urar a hankali, ya goge babu, ya danna akwai. Tambayoyin suka buɗe.

"Ya yi zazzaɓi?"

"Tun ran da ya sauka. Ran shida ga azumi."

"Tari?"

"Busasshe. Ba ya fitar da komi." Ta ja numfashi. "Ran na uku na dama fura na aika masa. Ya ce wa matarsa ba ya jin ɗanɗanonta, ko ƙanshin nonon ba ya ji. Na yi fushi. Na ce Legas ta ɓata masa baki, ya raina furar gida."

Murtala ya danna gurbin da aka tanada don wannan. Akwai shi a fom, tambaya ta goma sha ɗaya.

"Kin riƙa shiga wajensa?"

"Ina ni ina shiga? Matarsa ke jinya. Ni ina nan." Ta nuna gindin bangon ɗakin, inda ƙasa ta yi santsi saboda zama. "Ta bango nake ji. Na san lokacin da tarin ya sake murya. Ran na bakwai numfashin ya koma kamar ana jan guga a rijiya mai zurfi."

"An kai shi asibiti?"

"An rufe gari, babu abin hawa. Kuma ana cewa in an kai mutum ba a ba da gawarsa." Ta tsaya, ƙirjinta na hawa da sauka. "Ran na tara da hantsi yarinyar ta fito da gudu neman mutane. Ba kowa ciki sai shi. Na shiga."

Na'urar na jiran amsa ta gaba, amma Murtala bai karanta ba.

"Na ɗaga kansa na ɗora a ƙafata. Rabon da in taɓa shi tun ran da aka yaye shi aka kai wa kakarsa. Shekara talatin da huɗu. Ya buɗe ido shina dubana. Na san abin da yake jira." Ta shafa bakinta da bayan hannu. "Na yi masa kalmar shahada. Ita ta fito. Sunan ne ya ƙi."

Ba ta yi kuka ba. Idonta a bushe yake, yana kan takalman robar nan. Murtala ya duba fom ɗin sama da ƙasa. Ba gurbin da za a sa wannan.

"Bayan nan ke ma kin kwanta?"

"Sati uku. Na tashi, amma numfashin bai tashi tare da ni ba."

Saura gurbi ɗaya, na sama, na sunan mamaci, wanda ya tsallake. Na'urar ba za ta rufe ba sai an cike shi.

"Inna, ni zan faɗa. In ba haka ba ne ki ce a'a. Gidaɗo."

Kafaɗunta suka motsa kaɗan, kamar an watsa mata ruwan sanyi. Ba ta ce a'a ba. Ya rubuta sunan harafi-harafi. Ya ciro 'yar takarda daga aljihu ya cike, ya aje a bakin tabarmarta, ya ce ran Asabar da safe za a zo da mota a kai ta a duba ƙirjinta, ba za ta biya komai ba. Ta dubi takardar ba ta taɓa ba.

Ya miƙe, ya yi mata sallama. Ya kusa zaure ta kira shi.

"Yaro."

"Na'am, Inna."

"Wurin da ka rubuta huɗu ran nan." Ta tsaya ta nemi numfashi. "Mai da shi biyar."

Ya gyara a tsaye, a gabanta. Ta juya masa baya, ta jawo ƙwaryar da ta riga ta wanke ta fara wanke ta.

A waje ya duba agogon na'urar. Biyu da minti goma. Gida arba'in da ɗaya suka rage a jerin, duk da alamar kore, duk shi ya rufe su da hannunsa. Ko da gudu yake yi ba zai wuce biyar ba kafin ƙarfe huɗu. Ya tsaya cikin taɓo yana duban ƙofofin, yana ƙoƙarin tuna inda ya ga ɗaki a kulle, inda ya ga sanda ba mai ita. Bai tuna ba. Bai duba ba a lokacin.

Ya nufi ƙofar da ta fi kusa, ya yi sallama.