Romon Kifi Ba Gishiri

Tun da sanyin safiya mai yake tafasa a kaskon Temilda, ƙamshin kuwa duk faɗin garin Magangue bai ga hancin da zai nufa ba sai na mijinta. Aristides yana kan kujerarsa mai lilo a bakin ƙofa, kwanon romon kifi a cinyarsa, ba mai ba gishiri, fari fat kamar ruwan wankin shinkafa. Abincinsa ke nan tun ranar da zuciya ta kayar da shi a bakin kogi, aka zura masa ɗan bututu a jijiya.

Likita ta yi masa bayani, ya kuma gane, don tsohon mai gyaran famfo ne. Kitse yakan taru a bangon jijiya kamar maiƙo a magudanar ruwa, shekara da shekaru, ba ciwo ba alama. Wata rana sai ɓawon kitsen ya tsage. Jini ya zaci rauni ne, ya rugo ya daskare a wurin, ya toshe hanyar gaba ɗaya. Duk wannan Aristides ya haɗiye. Wilfrido ne ya tsaya masa a wuya.

Wilfrido amininsa ne, uban baftismar ɗansu, shi ya sa suke kiran juna kompadre, Temilda kuma yake ce mata komadre. Amma unguwa ba ta manta ba cewa shi ya fara neman Temilda. Kullum sai ya turo tumbi ya baje a bencin rumfarta.

"Komadre, wainar masara mai ƙwai, da soyayyar fatar alade! Mai kitsen nan!"

"Kai dai ba ka ƙoshi," ta ce tana dariya, ta zaɓo masa wadda ta fi naso.

Ya lashe yatsu, ya waiwayo. "Kompadre, yaya ruwan zafin naka? A ƙaro?"

"Ci, Allah ya sa ka fashe."

Kishi yake yi, kishi na gaske, da furfurarsa da komai. Da ciniki ya lafa ya tare ta.

"Tsohuwa, wai wa kika aura a cikinmu? Shi kitse, ni ruwan wanke kwano?"

"Tsoho, shi ciniki ne. Kai kuwa ban shirya binne ka ba."

Bai yarda ba. A saninsa, mace in tana son mutum soya masa take yi.

Wata Lahadi suna tsakiyar wasan domino sai Wilfrido ya dafe ƙirji, gumi ya karyo masa, ya ce hannun hagu ya yi masa nauyi. Aristides ya san wannan baƙon. Ya zaro ƙwayar asfirin daga aljihu ya cusa masa a baki.

"Tauna, sakarai, kada ka haɗiye!"

Ya kwarara ihu aka kawo mota, ya tallafe kan Wilfrido har asibiti. Wilfrido ya sha da ƙyar. A hanyar dawowa Aristides ya tsinci kansa yana murmushi, don bencin rumfar nan zai huta.

Bayan an sallamo Wilfrido, wanda ba shi da kowa a gida tun rasuwar matarsa, sai Temilda ta ɗora tukunyar da ta fi ta kullum girma. Aristides yana kallonta daga kujerarsa. Bai taɓa lura ba ashe ɗaya bayan ɗaya take zare ƙayar kifin da yatsunta, ta matsa lemon tsami, ta ɗanɗana, ta ɓata fuska, ta ƙara ganye. Man kasko yana ta ƙonewa, masu saye suna jira, ko waiwaye ba ta yi ba.

Ta cika masa kwanonsa. Sauran ta juye a wani kwano mai murfi, ta ɗaure da ƙyalle.

"Ina za ki da wannan?"

"Gidan kompadre. Shi ma an hana shi mai da gishiri."

Aristides ya dubi ƙunshin da ke hannunta, ya daɗe yana dubansa.

"Ki soya masa aladen mana," ya ce a hankali. "Wannan ai nawa ne."